Balas da Rufaffiyar Hanya: Wa Zai Ɗauki Asarar Motar Haya a Sabon Birni da Isa?

Gabatarwa

A farkon watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar Sakkwato, ƙarƙashin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, ta fitar da doka domin daƙile matsalar tsaro. Cikin matakan da dokar ta ƙunsa har da rufe hanyar Marnona zuwa Isa ga dukkan ababen hawa, tare da shawartar matafiya su riƙa zagayawa ta Goronyo da Sabon Birni. Dokar ta hana sayar da man fetur a jarka, ta ƙayyade man da za a zuba wa mota, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Isa da Sabon Birni. Kafin watan ya ƙare aka katse layukan wayar salula a yankin. An yi sharhi mai yawa a kan waɗannan matakai ta fuskar tsaro. Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne direban bas da ya wayi gari ya tarar hanyarsa ta ƙara tsawo, mai ya yi wuya, 'yan kasuwar da ke cika masa mota sun zauna gida, amma kuɗin da zai kai wa mai mota da yamma yana nan yadda yake, ko kwabo bai ragu ba.

Wannan kuɗi shi 'yan tasha ke kira balas, wato adadin da direba ya yi alkawarin kai wa mai mota kowace rana ko kowane mako, ko an samu fasinja ko ba a samu ba. A kansa ne akasarin ƙananan kamfanonin sufuri na ƙasar Hausa suka ginu, tun daga mai mota ɗaya har zuwa mai biyar ko goma. Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne, balas da ba ya motsi tsari ne da aka yi domin hanya mai zaman lafiya, kuma riƙe shi a gabashin Sakkwato na yau zalunci ne ga direba, asara ce ga shi kansa mai motar. Duk mai son motocinsa su daɗe a kan hanyar Sabon Birni da Isa, tilas ya karɓi rabonsa na haɗarin hanyar, ya kuma rubuta wannan rabo a takarda.

Ƙasar da Hanyoyinta

Sabon Birni da Isa ƙananan hukumomi ne biyu maƙwabtan juna. Sabon Birni ta yi iyaka da jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, Isa kuwa ta yi iyaka da Shinkafi ta jihar Zamfara. Nan ne cibiyar tsohuwar daular Gobir. Kufan Alƙalawa, birnin da ya faɗa hannun masu jihadi a 1808, yana cikin ƙasar Sabon Birni, dangin mutanen yankin kuma suna Tsibiri da Maraɗi, a ƙetaren iyakar da Turawan mulkin mallaka suka shata. Zirga-zirgar biki da ta'aziyya da fatauci a wannan ƙasa ta girmi mota, ta girmi iyakar ma kanta.

Manyan hanyoyin mota biyu ne ke haɗa yankin da birnin Sakkwato. Ɗaya ta bi ta Goronyo ta isa Sabon Birni, ta zarce Isa, daga nan ta nufi Shinkafi da Ƙauran Namoda da Gusau. Ɗayar ta rabu daga Marnona ta ratsa dajin Gundumi ta faɗa Isa, ita ce mafi kusa ga mutanen Isa. Layin dogo bai taɓa isowa nan ba, domin ya tsaya a Ƙauran Namoda tun 1929. Ke nan mara lafiyar da aka tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da ɗalibin da zai koma makaranta, da mai kai kaya kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, da ɗan ci-rani mai nufin kudu bayan girbi, duk a kan motar haya suka dogara.

Abin da ya sami waɗannan hanyoyi sananne ne. A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo, gwamnati ta tabbatar da rasuwar mutum 43. A watan Disamba na shekarar aka tare wata bas da ta taso daga Sabon Birni kusa da ƙauyen Gidan Bawa, aka cinna mata wuta da fasinjoji a ciki, 'yan sanda suka tabbatar da rasuwar mutum 23. A watan Yuli na 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Kwanar Maharba, aka kuma hallaka shi a hannun masu garkuwa cikin watan Agusta. Kwanar Maharba tana kan hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni, wato hanyar da dokar 2021 ta nuna wa matafiya a matsayin mafita. A irin wannan wuri ne ake tambayar direba balas da yamma.

Yadda Balas ke Cin Mota

Tsarin yana da sauƙin fahimta. Mai kuɗi ya sayi mota, galibi ta hannu, ko dai bas ƙirar Toyota Hiace ko ƙananan motoci irin su Sharon da Golf, ya damƙa ta ga direba. Direba ne zai sayi mai, ya biya kuɗin ƙungiya da na ɗan kamasho a tasha, ya sallami yaron mota, ya ba da na goro a shingayen hanya, ya kuma ɗauki ƙananan gyare-gyare irin su faci da juyen baƙin mai. Mai mota yakan ɗauki babban gyara kamar na inji ko giya. Abin da ya saura bayan an cire balas shi ne na direba. Akwai kuma wani nau'in da direba ke biyan kuɗin motar kaɗan-kaɗan har ta zama tasa, amma shi ma adadi ne tsayayye, kuma wanda ya gaza biya yakan rasa motar da abin da ya zuba.

Balas yana da fa'idarsa, shi ya sa ya daɗe. Mai mota ba ya bukatar sanin yawan fasinjan da aka ɗauka, ba ya bukatar akawu, kuma ba sai ya bi direba da zargi ba. Shi ma direba yana jin cewa ƙoƙarinsa nasa ne. Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan sharaɗi ɗaya da ba a furta shi, wato ranakun aiki su yi kama da juna, ta yadda cinikin ranar kasuwa zai cike giɓin ranar da tasha ta yi sanyi. Idan wannan sharaɗi ya rushe, lissafin duka ya rushe.

A ƙaddara, domin misali, direba yana aiki kwana shida a mako. Labari ya zo cewa an ga 'yan bindiga a hanya, motoci suka kwana biyu ba su fita ba. Balas ɗin kwana shida yanzu zai fito ne daga kwana huɗu, ma'ana kowace rana za ta ɗauki nauyin rana ɗaya da rabi, alhali kujerun motar ba su ƙaru ba. Ƙofofin da suka rage wa direba kaɗan ne, kuma kowace a jikin motar take buɗewa. Zai ƙara lodi fiye da ƙima, sifirin da shokozoba da taya su biya. Zai jinkirta juye, ko ya zuba baƙin mai maras kyau, inji ya biya. Zai sayi fetur a hannun 'yan bumburutu ba tare da sanin abin da aka gauraya masa ba. Zai lallaɓa birkin da ya kamata a sauya tun makon jiya. Zai ƙara gudu domin ya samu sahu na biyu, ya dawo da almuru, lokacin da bai kamata mota ta kasance a dajin ba.

Ƙofa ta ƙarshe ita ce mafi muni: ya fita a ranar da zuciyarsa da labarin tasha suka gaya masa kada ya fita. Shawarar da ta shafi rayukan cikin mota guda, sai ta koma hannun mutumin da bashi ke matsa wa lamba. Mai mota kuwa yana gida yana ganin balas na shigowa daidai, yana zaton ya tsira daga asara. Hasali ma jarinsa yake karɓa gutsure-gutsure yana kiransa riba. Ranar da inji ya buga, ko motar ta ƙone a daji, a lokacin ne zai gane cewa babu abin da aka ajiye domin maye gurbinta.

Lissafin da ya Sauya

Ko da babu 'yan bindiga, shekarun nan sun isa su tilasta sake duba tsarin. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu a watan Agusta na 2019, ba a fara buɗe su ba sai Disamba na 2020. A watan Nuwamba na 2019 hukumar kwastam ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 aka sake rufe iyakar, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Ga motar da wani kaso na cinikinta ya dogara ga masu ƙetarawa Maraɗi da kewayenta, kowace rufewa ragin fasinja ce kai tsaye.

Sai kuma mai. Kafin 29 ga Mayu, 2023 farashin litar fetur a hukumance bai kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafi ya kai wajen naira 500, zuwa Oktoba na 2024 ya haura naira 1,000 a gidajen man gwamnati na Abuja, wuraren da ke nesa da manyan birane kuwa a kullum sun fi tsada. A watan Yuni na 2023 aka saki darajar naira, dalar da ake canzawa a hukumance a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024. Taya da batir da kayan gyara kusan duka daga waje ake shigo da su, don haka suka bi dala.

Kuɗin mota kuwa ba zai iya bin wannan tashi ƙafa da ƙafa ba, saboda fasinjan yankin manomi ne da aka raba da gonarsa, ko wanda aka ɗora wa ƙauyensu haraji na zalunci, wasu ma sun yi gudun hijira zuwa Gidan Runji da wasu garuruwan jihar Maraɗi. Kuɗin kashewa ya ninka, aljihun fasinja ya rame, kwanakin aiki sun ragu. A tsarin balas duk wannan matsi a kan mutum ɗaya yake sauka.

Mizanin Fiƙihu da na Fatauci

Mai yiwuwa a ce ai yarjejeniya ce, direba ya amince da bakinsa. Amma littattafan da ake karantawa a zaurukan Sakkwato da Isa da Sabon Birni sun daɗe da yin magana a kan irin wannan ƙulli. Balas a haƙiƙaninsa haya ce: an ba mutum abin hawa ya amfana da shi a kan lada sananne. A fiƙihun Malikiyya ladan haya yana tsaye ne a kan amfanin da aka samu damar cin moriyarsa. Muhtasar na Shaihu Halil, a babin ijara, ya lissafa abubuwan da ke warware haya, ciki har da halakar abin da aka yi hayarsa, da ƙwace shi da ƙarfi, da umarnin mai mulki na rufe shaguna. Ya kuma bayyana cewa mai haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa matuƙar bai yi sakaci ko ƙetare iyaka ba. Yanke hukunci a kan kowace mas'ala aikin malamai ne da alƙalai, amma kamannin da ke tsakanin shagon da sarki ya rufe da hanyar da gwamna ya rufe a bayyane yake. Mai motar da ke karɓar balas na ranar da hukuma ta hana bin hanya, ko yake bin direba kuɗin motar da aka ƙwace da bakin bindiga, ya kamata ya tambayi malaminsa kafin ya tambayi direbansa.

Tarihin fatauci ma yana da abin cewa. Bahaushe ya yi ɗaruruwan shekaru yana ratsa hanyoyi masu haɗari da kaya, kuma bai taɓa barin wannan nauyi a kan mutum ɗaya ba. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 a kan fataucin goro zuwa Gwanja, ya bayyana yadda ayari ke da madugu mai yanke shawarar hanya da ranar tashi, da jagaba mai shigewa gaba, da uban dawaki, da malami mai riƙe rubutu. Ba kowane falke ne ke yanke wa kansa ranar shiga daji ba, kuma abin da hanya ta ci nauyi ne na ayari. Darasin da ke nan bai shafi biyan 'yan fashi ba, domin fiton da madugu ke biyan sarakuna daban yake da kuɗin da ɗan bindiga ke ƙwata. Darasin shi ne, inda hanya ke da haɗari, shawara ta jama'a ce, asara ta rabo ce, lissafi kuma a rubuce yake. Ƙaramin kamfanin bas na yau ya gaji hanyar fatake, amma ya yar da tsarinsu.

Abin da ya Kamata Mai Motoci ya Yi

Mataki na farko shi ne a ɗaure balas da ranar aiki. Ranar da mota ba ta fita ba saboda umarnin hukuma ko sanarwar ƙungiyar direbobi, babu balas. Wanda ya fi wannan shi ne a mayar da direba ma'aikaci mai albashi sananne, da ƙarin lada a kan kowane sahu da ya kammala lafiya, mai mota ya ɗauki mai da gyara. Bayyana adadin ladan yana da muhimmanci, domin malaman Malikiyya sun ƙi ƙullin da za a ce wa mutum ya yi aiki da dabba a raba abin da ya samu, saboda ladan bai zama sananne ba. Albashi tsayayye ya kauce wa wannan, ya kuma cire wa direba yunwar da ke tura shi daji.

Na biyu, kowace mota ta samu littafinta. Littafin makaranta mai ganye arba'in ya isa. A rubuta ranar fita da inda aka je, da yawan fasinja, da litar man da aka zuba, da ranar juye, da ranar da aka sa taya, da sunan bakaniken da ya taɓa motar da abin da ya sauya. Idan agogon kilomita ya mutu, kamar yadda yake a yawancin tsofaffin motoci, sai a ƙirga da sahu. Daga wannan littafi ne mai motoci biyar zai gane wacce ke ciyar da 'yan uwanta da wacce ke cinye su, ya kuma san lokacin da sayar da mota ya fi gyaranta riba. Boko ko ajami, duk wanda aka iya ya wadatar.

Na uku, a ware kuɗin tsufan mota. Mota tana mutuwa kaɗan-kaɗan a kowace tafiya, don haka wani kaso na cinikin kowace rana nata ne, ba na cefane ba ne. Tun da darajar naira na zaizayewa, ajiye wannan kaso a matsayin taya da batir da kayan gyaran da aka san za a bukata ya fi ajiye shi a matsayin takardar kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, motocin su zama iri ɗaya gwargwadon iko. Mai bas uku ƙira ɗaya yana bukatar bakanike ɗaya da ya san su, kayan gyara iri ɗaya, kuma kowane direba zai iya karɓar motar ɗan uwansa. A garin da sai an aika Sakkwato ko Gusau ko Kano kafin a samo wani ƙarfe, ta hanyar da ita kanta ba kullum take biyuwa ba, wannan shi ne bambancin kwana ɗaya a gareji da mako biyu.

Na biyar, a rubuta wa direba haƙƙin ƙin fita. Idan labarin hanya bai yi daɗi ba ya ajiye makulli, kada a rage masa komai, kada kuma a karɓe motar a ba wani mai ƙarfin hali. A tsayar da lokacin da mota ba za ta wuce shi a hanya ba, a kuma bi tsarin tafiya a jere da rakiyar jami'an tsaro a duk inda aka tanade ta, ko da hakan zai rage yawan sahu.

Na shida, masu motoci su kafa asusun taimakon juna. Inshorar dole da ake yanka tare da takardun mota tana biyan ɓarnar da aka yi wa wani ne, ba ta biyan motar mai ita, cikakkiyar inshora kuma galibi takan ware yaƙi da ta'addanci daga abin da take ɗauka. Saura adashi, wanda kowa ya san shi. Kowace mota ta zuba wani abu a kan kowane lodi, a ajiye a banki da sa hannun mutum uku, a riƙa karanta lissafin a bainar masu zubi. Daga nan za a tallafa wa wanda motarsa ta salwanta, da direban da ya ji rauni, da iyalin wanda ya rasu a bakin aiki. Hukumar kula da inshora ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, saboda haka akwai tafarkin da irin wannan asusu zai bi ya samu rajista idan ya girma. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, tana karɓar kuɗi a kowace tasha kullum, ke nan hanyar tarawa tana nan, abin da ake bukata shi ne manufa da bayyana lissafi.

Hujjojin Masu Saɓani

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta amana. Mai mota zai ce balas ne kaɗai ke kare shi daga direban da zai ɗauki fasinja a hanya ya soke kuɗin a aljihu, ko ya ce hanya ba ta biyuwa alhali ya tafi wani lodin. Wannan tsoro yana da tushe, kuma littafi ba ya mayar da maha'inci amintacce. Amma a yau motar da ta tashi daga tasha ana rubuta fasinjanta, ɗan kamasho ya san adadinsu, wayar salula tana hannun kowa a duk lokacin da layi ke aiki, rufewar hanya kuma ba sirri ba ce a gari kamar Isa. Ha'incin kujera biyu ko uku ƙaramar asara ce idan aka gwada ta da injin da ya buga shekara biyu kafin lokacinsa. Ban da haka, direban da ya san albashinsa na nan, kuma iyalinsa ba za su tagayyara ba idan wani abu ya same shi, yana da dalilin riƙe aikin da hannu biyu.

Hujja ta biyu ita ce, tsaro aikin gwamnati ne, bai kamata a ɗora wa ɗan kasuwa ba. Gaskiya ne, kuma babu tsarin kamfani da zai maye gurbin hanya mai aminci. Wajibi ne masu motoci da ƙungiyarsu su ci gaba da neman sintiri da gyaran hanyoyin. Sai dai mota za ta fita gobe da safe ko gwamnati ta sauke nauyinta ko ba ta sauke ba, kuma tambayar wa zai ɗauki asarar goben tana hannun mai mota, ba ta jiran kowa.

Hujja ta uku ta shafi asusun. Ana fargabar idan masu garkuwa suka ji akwai kuɗi a tare, direbobi za su zama abin farauta. Wannan fargaba ce ta hankali, kuma amsarta ita ce a rubuta a cikin dokar asusun cewa ba a fitar da kuɗin fansa daga cikinsa, a kuma bayyana hakan ga kowa. Aikinsa maye gurbin mota ne, da jinya, da riƙon marayu.

Akwai kuma mai cewa ribarsa za ta ragu. A watannin farko za ta ragu, babu amfanin ɓoye wannan. Abin da zai ragu shi ne kason da dama can ba riba ba ne, jikin motar ne da lafiyar direba ake ci.

Kammalawa

Adabin Hausa ya daɗe da lura da mutanen mota. Ɗanmaraya Jos ya yi wa karen mota waƙa, Mamman Shata ya wasa direbobi. Nazarin Hausa kuwa bai ba tasha irin kulawar da ya ba fada da kasuwa ba, alhali a can akwai kalmomi da ƙulle-ƙullen baka da hanyoyin sasanta rikici da suka cancanci a tattara su, musamman a yankin da tashin hankali ke sauya su cikin sauri. Kalmar balas kaɗai tana ɗauke da tarihin dangantakar ubangida da bara a cikin sabuwar riga. Manazarta harshe da al'ada suna iya yin aiki mai amfani nan take: su tsara takardar yarjejeniyar mai mota da direba cikin Hausa mai sauƙi, da boko da ajami, wadda malaman fiƙihu suka duba, a kai ta tashoshin Sabon Birni da Isa da Goronyo.

Mai motoci a wannan ƙasa yana riƙe da abin da ya fi dukiyarsa, domin idan motocin haya suka ƙare, mara lafiya da ɗalibi da ɗan kasuwa ba su da wata hanya. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Hanyar Gobir ta sauya tun shekaru da dama, balas ne bai sauya ba, kuma gyaransa yana hannun mai motar da zai karɓi makulli yau da yamma ya tambayi direbansa yadda hanya take kafin ya tambaye shi kuɗi.